“Ban Da Ruwa”: Garantin Kwamfutar Gwanjo Da Aibin Da Ke Kwance A Cikinta

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo a kasuwanninmu, a Layin Beirut na Kano ne, ko a Banex ta Abuja, ko a Computer Village da ke Ikeja, ya san karatun da mai shago yakan biya masa a daidai lokacin da yake naɗe masa wayar caja: “Garanti mako biyu ne, amma ban da ruwa, ban da faɗuwa, ban da matsalar wuta.” Mai saye ya gyaɗa kai, ya rungumi kayansa, ya kama hanya. Daga cikin abubuwa ukun nan da ake togewa, na farko nake so mu zanta a kai a wannan mako, domin a iya lurar da na yi, shi ya fi haddasa rigima, kuma da shi aka fi fakewa. Faɗuwa tana barin tabo a waje, kowa ya gani. Wuta idan za ta yi ɓarna, nan take take yi, wani lokaci har da ƙauri. Ruwa kuwa shiga yake yi ya lafe, ya riƙa cin kwamfuta sannu a hankali, har ranar da za ta mutu a hannun wanda wataƙila bai taɓa zuba mata ko ɗigo ba.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin zancen ’yan boko masu abin hannu. A yau ɗalibin jami’a ko na kwalejin ilimi ba ya kammala karatu ba tare da kwamfuta ba, haka ma matashin da ke buga wa jama’a takardu a bakin sakatariya, da ’yar kasuwar da ke lissafin kayanta, da malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin mafi yawanmu, gwanjon ma sai an yi da gaske. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne tun daga 2024, kuma kwamfutar gwanjo mai ɗan kyau takan cinye irin wannan albashi na watanni. Uba ya sayar da rago, uwa ta kwashi adashi, yaya ya cika, sannan a saya wa yarinya abin rubuta kundin bincikenta. Idan wannan kwamfuta ta mutu bayan kwana goma aka ce “ruwa ne,” to dukiyar gida guda ce ta salwanta, kuma sau da yawa har da wahalar shekara guda da ke ajiye a cikinta.

Adalci shi ne mu fara da cewa ’yan kasuwarmu ba su suka ƙirƙiro wannan togiya ba. Kamfanonin da ke ƙera kwamfuta, irin su Dell da HP da Lenovo da Apple, duk garantinsu na yau da kullum bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Garanti alkawari ne daga maƙeri cewa abin da ya ƙera ba shi da aibi a kayan haɗinsa ko a aikin haɗa shi, na tsawon wani lokaci, galibi shekara ɗaya, wani lokaci uku ga kwamfutocin ma’aikatu. Tsautsayin da zai faɗa wa kaya a hannun mai shi wani babi ne daban, na inshora, kuma biyansa ake yi dabam. Shi ya sa kamfanonin suke sayar da ƙarin kariya ga mai so, kamar AppleCare+ na Apple, wanda ko a ƙarƙashinsa sai mai kaya ya biya wani kaso kafin a gyara masa. Saboda haka idan shayi ya kife a kan kwamfutarka a ɗakinka, babu hankalin da zai ɗora asarar a wuyan wanda ya sayar maka. Wannan ba abin jayayya ba ne.

Ga mai sayen gwanjo ma, garantin kamfani tamkar labarin ƙanzon kurege ne. Akasarin kwamfutocin da ke zuwa mana sun yi wa ma’aikatu da makarantun Turai da Amurka aiki na shekara uku ko huɗu kafin a sallame su, wa’adin garantinsu ya daɗe da cika. Wanda yake son tabbatarwa, lambar siriyal tana nan a bayan kowace kwamfuta, ya shigar da ita a shafin kamfanin na intanet, zai ga ranar da aka fara sayar da ita da ranar da garantinta ya ƙare. Abin da ya rage wa mai saye ke nan shi ne bakin mai shago. Magana ce ta fatar baki, ba rubutu, ba shaida, kuma mai shagon shi ne mai alkawari, shi ne mai duba kaya idan an dawo da su, shi ne kuma alƙalin da zai yanke ko ruwa ne ko ba ruwa ba ne.

Kafin mu je ga hukunci, yana da kyau mu fahimci yadda ruwa yake kashe kwamfuta, domin a nan sirrin rigimar yake. A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo da masu gyara ke kira bod, wanda aka shimfiɗa wa hanyoyin tagulla sirara kamar gashi, aka dasa masa ɗaruruwan ƙananan kayayyaki kusa da juna. Wutar da ke shigowa daga caja takan kai bolt 19 zuwa 20, alhali ƙwaƙwalwar kwamfutar da wutar da ba ta wuce bolt ɗaya da ’yan kai ba take aiki. Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma ruwan da muke sha yana ɗauke da gishiri-gishiri na ma’adinai, balle shayi da madara, ko kunu, ko zoɓo, ko lemon kwalba mai sukari da tsami. Idan irin wannan ruwa ya kwanta a tsakanin hanyar babbar wuta da ta ƙarama, sai ya zama gada, babbar ta afka wa ƙaramar, abu ya ƙone nan take. Wannan ita ce mutuwar farat ɗaya.

Akwai kuma mutuwar tsaye, wadda ta fi yawa kuma ta fi wuyar ganewa. Kwamfuta ko an kashe ta, muddin batir yana haɗe, akwai sassan bod ɗin da wuta ba ta yankewa. Ruwa da wuta idan suka haɗu a kan ƙarfe, sai tsatsa ta fara, irin farin nan ko kore-koren da muke gani a kan batirin mota. Ruwan zai bushe, amma gishirin da sukarin da ya bari ba sa tafiya, kuma suna zuƙar laima daga iska. Kwamfutar da aka shanya ta tashi za ta iya yin aiki lafiya lau a busasshen yanayi, sannan da laima ta yi yawa sai tsatsar ta farfaɗo, ta ci gaba da gaigayar tagulla. Yau maɓalli biyu sun daina aiki, gobe caji yana yankewa, jibi hoto yana rawa, gata ta ƙi tashi ɗungurungum. Tsakanin ranar da ruwa ya zuba da ranar da aka yi jana’iza ana iya samun makonni, har watanni, kuma a cikin wannan tazara kwamfuta tana iya ƙetare teku ta sauya hannu sau uku.

Ke nan ruwa biyu ne: akwai sabon ruwa, wanda ya zuba a hannun mai saye, akwai kuma tsohon ruwa, wanda kwamfuta ta zo da shi. Kalmar “ban da ruwa” daidai take a kan na farko, zalunci ce a kan na biyu. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda kasuwanninmu suka cakuɗa biyun, suka mayar da ganin tsatsa a cikin kwamfuta hujjar korar mai saye, alhali sau da yawa ita tsatsar ce babbar shaidarsa.

Ta ina tsohon ruwa yake zuwa mana? A 2018 Jami’ar Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel ta Afirka da ke Nijeriya, ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas. Binciken ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a kowace shekara, fiye da kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai, da yawansu a cushe cikin motocin gwanjo, kuma sama da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su iso. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Ingila, alal misali, dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba wanda ya sayi kaya daga ɗan kasuwa, ko da na hannu ne, kwana 30 ya mayar da su ya karɓi kuɗinsa idan suna da aibi, kuma aibin da ya bayyana cikin wata shida ana ɗaukarsa a matsayin wanda kayan suka zo da shi, sai in ɗan kasuwar ne ya kawo hujjar akasin haka. Kwamfutar da ta sha ruwa kaya ce mai haɗari ga mai sayarwa a irin wannan ƙasa, don haka sai a sayar da ita da arha da sunan ta ciro kayan gyara. Daga nan wani ya saye su jibgi guda, ya wanke, ya shanya, ya sauya allon madannai, waɗanda suka tashi su nufo inda ba a tambaya. Yanzu kuma da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, ma’aikatun can suna ta sallamar tsofaffin kwamfutoci, mu shirya karɓar mai kyau da maras kyau.

Ban ce duk ɗan kasuwar da ya sayar da irin wannan kaya macuci ne ba. Da yawansu cinikin biri a sama suke yi, su aika kuɗi Legas ko Dubai a turo musu kwali, su kunna kowacce, wadda ta kawo haske su goge ta su jera. Ba su buɗe ba, ba su gani ba. Sai dai rashin sani yana kare mutum daga zunubin yaudara ne kawai, ba ya mayar da asarar ta zama ta mai saye. Akwai kuma waɗanda suka sani sarai, domin a bayan shagonsu aka yi wankin da shanyar.

A shekarun da na yi ina duba kundin binciken ɗalibai, na ga irin wannan shari’a ba sau ɗaya ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai ta wata ɗaliba ce ’yar ajin ƙarshe, wadda kwamfutarta ta mutu kwana goma sha ɗaya da saye, tana tsakiyar babi na uku. Ta mayar, mai shago ya kwance, ya nuna mata kore-koren tsatsa, ya ce ai ta ji sharaɗi da kunnenta. Ta rantse, ya rantse. Da ta zo mini da yayanta, abin da na ce musu shi ne su nemi mai gyaran da ba ruwansa da kowa, a buɗe a gaban kowa. Mai gyaran, wani matashi mai natsuwa, ya ɗaga allon madannai ya juya shi, ya ce: “Alhaji, duba nan. Ruwan ta sama ya shiga, ga sawunsa a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin madannai, har notuna sun yi tsatsa. Amma su madannan fes suke ciki da baya, ko ɗigon tabo babu. Ruwa ba ya tsallake madannai ya sauka a ƙasansu. An sauya su ne bayan ruwan ya zuba.” Mai shago ya yi shiru, sannan ya ce shi ma haka aka turo masa, kuma na yarda da shi. Da shugabannin layin suka sa baki, ya sauya mata wata, aka ciro ma’ajiyar bayananta daga matacciyar, babi ukun suka tsira. Abin lura shi ne ba rantsuwa ce ta raba gardamar ba, sukuddireba ce da idon masani.

Haka kuma na ga kishiyar wannan. Na ga ɗalibin da ledar ruwa ta fashe a jakarsa, ya shanya kwamfuta a rana kwana biyu, ya goge ta tas, ya je ya tsaya a gaban mai shago yana cewa haka kawai ta ɗauke. Irin waɗannan su suka koya wa ’yan kasuwa taurin kai, har suka daina gaskata mai gaskiya. Wanda ya yi haka ya sani cewa kuɗin da ya karɓa ko kwamfutar da aka sauya masa haƙƙin wani ne ya ci, ko da kuwa da ita ya rubuta kundin da ya ba shi digiri.

Wannan rarrabewa tsakanin tsohon aibi da sabo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san an haramta algus da ɓoye aibin kaya. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuma wani sabon aibi ya auku a hannunsa kafin ya gano tsohon, to ko ya riƙe a rage masa ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Sun kuma ce sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya kare mai sayarwa daga aibin da ya sani ya yi shiru, kuma idan aka yi saɓani a kan ko aibi tsoho ne ko sabo, masana wannan sana’a ake komawa gare su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hadisin da ake kafa hujja da shi a wannan babi, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, a kan jiƙaƙƙen kaya ya zo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a zarge shi don ruwa ya taɓa kayansa ba, an zarge shi ne don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma a nan aka yi gargaɗin nan mai tsanani ga mai algus. Busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa: ban san siffar da ta fi wannan dacewa da kwamfutar da aka sauya wa madannai ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu karanta ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan hannu, ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima, ya bayyana hakan ƙarara. Sashe na 118 ya wajabta ba da shaidar ciniki a rubuce. Sashe na 132 kuwa ya ce kowane ciniki yana ɗauke da garantin inganci ko ba a ambata ba, kuma mai saye yana da wata uku daga ranar karɓar kaya ya mayar da su idan sun gaza, a gyara masa, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wato mako biyun da mai shago yake bayarwa kamar yana yin alfarma bai kai ko kashi ɗaya cikin shida na abin da doka ta riga ta bayar ba, kuma rubutun nan na ƙasan rasit da ke cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su ba ya shafe haƙƙin da doka ta tabbatar. Ban da hukumar tarayya, jihohi irin su Kano suna da tasu hukumar kare masu saye, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki a Legas da Kano da wasu jihohin, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya.

Sai dai fiƙihu da doka duk a kan hujja suke tsayawa, hujja kuwa ita ce ba mu tanada. Kamfanoni sun yi ƙoƙarin warware wannan da wasu ’yan fararen takardu da ake liƙawa a cikin na’ura, waɗanda kan koma ja idan ruwa ya taɓa su. Suna da amfani, amma ba sa faɗin ranar da abin ya faru, kuma su ma an taɓa tuhumarsu. A 2013 kamfanin Apple ya amince ya biya Dala miliyan 53 a Amurka, ba tare da amsa laifi ba, don sasanta ƙarar masu iPhone da iPod da aka hana wa garanti saboda launin wannan takarda, bayan an yi ta muhawara cewa laima kaɗai tana iya sauya launinta. Idan alamar da injiniyoyi suka tsara ba ta isa ta zama alƙali ita kaɗai ba, ina ga kallo ɗaya da mai shago zai yi wa bod ya ce “ruwa ne, ba ruwana”?

Shawarata mai sauƙi ce, ba ta buƙatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi: a buɗe kwamfuta a ranar ciniki. Mafi yawan kwamfutocin ma’aikatu da ke zuwa mana, notuna kaɗan ne ke riƙe da murfin bayansu, minti biyar ya isa. Mai saye ya zo da wanda ya san aiki, a haska fitila, a duba fari ko kore a kan bod, a duba tsatsa a kan notuna da bakin ramukan caja, a duba sawun ruwa mai kama da taswira a cikin murfi, a sansana, a lura ko madannai sun fi sauran jikin sabunta. A ɗauki hoton cikin da waya, lambar siriyal tana fitowa, a tura wa juna ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Sannan a rubuta a rasit: samfuri, lambar siriyal, girman ma’ajiya, lafiyar batir, tsawon garanti, abin da aka toge, da jimla ɗaya, “an buɗe a gabanmu, babu alamar ruwa.” Wannan jimla kariya ce ga kowa. Idan aka dawo da kwamfuta da danƙon shayi a ciki, hoton zai wanke mai shago. Idan kuma mai shago ya ƙi a buɗe, to ya riga ya ba ka amsa, ka nemi wani shagon. Wanda kuma ya san kayansa sun taɓa shan ruwa, ya faɗa, ya rage kuɗi, akwai mai saye. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma fa sai an gaya masa rariya ce.

Ƙungiyoyin ’yan kasuwar kwamfuta suna da rawar takawa a nan. Suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna sasanta rigimar haya da ta bashi. Me zai hana su buga rasit iri ɗaya mai waɗannan gurabe, su kuma zaɓi masu gyara uku da aka yarda da amanarsu, waɗanda za a riƙa kai wa irin wannan saɓani, da sharaɗin kada mai duba ya kasance yaron shagon da ake ƙara? Layin da ya fara wannan zai ga yadda masu saye za su yi masa tururuwa, domin a kasuwar gwanjo amana ita ce hajar da ta fi ƙaranci.

To idan tsautsayin ya auku a hannunka fa? Garanti ya fita, saura ceto, kuma mintunan farko su ne komai. Zare caja nan take. Danne maɓallin kunnawa har ta mutu, kada ka tsaya adana aiki. Buɗe ta ka kife ta kamar bukka a kan tawul don ruwan ya koma ta inda ya shigo. Idan batirinta na waje ne, cire shi. Idan na ciki ne, ka nufi mai gyara a ranar, domin kowace sa’a da batir ya yi a haɗe tsatsa tana aiki. Kada ka kunna don ka ga ko ta tashi, wannan gwaji ya kashe kwamfutoci fiye da ruwan kansa. Kada ka shanya ta a rana ko ka kai ta kusa da wuta, zafi yana lalata batir, kuma batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Buhun shinkafa kuma ba magani ba ne, kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu wayoyinsa a kan haka. Shinkafa ba ta ciro sukari daga ƙarƙashin kayan bod, abin da take yi kawai shi ne cinye kwanakin da ya kamata a yi amfani da su wajen wanki. Gyara na gaskiya shi ne a cire batir, a fito da bod, a wanke shi da sifirit mai ƙarfi na aisofurofil ko a injin wanki na musamman, a busar, a duba da madubin ƙara girma, a sauya abin da ya ƙone, sannan a ba shi wuta.

Su ma masu gyara akwai magana a kansu. Kwamfutar da ta sha ruwa, ko an tashe ta, babu mai iya rantsuwa a kan tsawon ranta, saboda haka mai gyara na gari ba ya yin alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Ya gaya wa mai kaya gaskiya: ga abin da na gani, ga hotonsa, ga abin da zan sauya, ina ba da garanti a kan abin da na taɓa, ban ba da shi a kan sauran ba. Idan kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata kwamfutar, ya faɗa, mai kaya ya yi shawara. Kuma idan an kawo masa matacciya an bar masa, ya tashe ta ya sayar, to ya tuna cewa yanzu shi ne mai tarin abincin, jiƙaƙƙen yana ƙasa.

Abu na ƙarshe, wanda nake maimaita wa ɗalibaina a farkon kowane zango: babu garanti a duniya da ya haɗa da abin da ka rubuta. Kamfani ma idan ya karɓi kwamfutarka, ya riga ya rubuta cewa ba ruwansa da bayananka. A tsofaffin kwamfutoci ana ciro ma’ajiya a karanta ta a wata na’ura, amma a wasu sirara na zamani an liƙe ta da bod, idan ya tafi sun tafi tare. Ka tura wa kanka aikinka ta imel kowane dare, ko ka kwafe shi a filas ka ajiye a wani wuri dabam da jakar kwamfutar. Kofin shayi kuma a ƙasa, ba a kan tebur ba.

Ciniki amana ne daga ɓangare biyu. Mai sayarwa ya ɗora jiƙaƙƙen a sama, mai saye ya faɗi gaskiyar abin da ya faru a ɗakinsa, tsakaninsu kuma a sa takarda da hoto, domin gani ya kori ji. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Sai mako mai zuwa idan mai dukka Ya kai mu.